Sai An Gangara

Duk Asmara, garin da ko jariri aka haifa sai an duba ƙaurinsa an ce wannan na hawan tudu ne, babu wanda ya san tseren keke kamar Aboy Ogbazgi, wato Baba Ogbazgi. Haka ake faɗa a unguwarsu, haka ake faɗa a kasuwar 'yan ƙarafa, kuma an tabbatar cewa a shekara hamsin bai taɓa yin hasashen da ya saɓa ba. Gaskiya ne. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne hasashen nasa guda ɗaya ne tal. Duk wanda ya tambaye shi wa zai ci, sai ya juya cokali a finjalinsa ya ce, "Sai an gangara." Kafin a gangara ɗin kuwa ya riga ya ɗauki hularsa ya fita.

Sana'arsa gyaran keke, a wani ɗan shago mai ƙofar kwano bayan tsohuwar silima. A nan ya gaji mahaifinsa, wanda shi kuma ya koya a hannun wani Ba'italiye mai yawan zagi. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata huɗu, ya aurar da su, ya binne matarsa. Yaƙi ya zo ya wuce, ya sake dawowa, shi yana nan yana faci. Abokan cinikinsa sun san shi da halaye biyu. Na farko, in ya juya ƙafar keke don ya ga ko ta miƙe, ba ya jira ta gaji ta tsaya. Dafe ta yake yi da tafin hannu, har tafin ya yi tauri kamar ƙasan takalmi. Na biyu, jarida ba ta shiga shagonsa. Ko gyaɗa aka ƙunso masa a cikinta, sai mai gyaɗar ya juye masa a hannu ya tafi da takardarsa. Mutane suka ɗauka siyasa ce, suka ƙara ganin girmansa.

Ba siyasa ba ce. Yana da ƙane, sunansa Tekeste.

Wanda ya hau tudu da keke, jikinsa sharkaf yake da gumi. In ya juya gangara iska ta doki ƙirjin nan, kafin ya kai ƙasa sanyi ya shige shi. Maganin da aka sani tun zamanin Italiyawa shi ne jarida: wani naka ya tsaya a kan tudu ya miƙo maka, ka cusa ta cikin riga kana tafe. Aikin ɗan'uwa ne, ba a ɗaukar bare.

A shekarar da Tekeste ya cika ashirin, aka shirya tseren da zai taso daga Mendefera, ya ratsa Asmara, ya gangara Ginda. Tekeste yana ɗan tari a makon, amma da safe ya ce shi ba ya buƙatar jarida, ba tsohuwa ba ne. Uwarsu ta ɗaga ido ta kalli Ogbazgi. Ogbazgi ya ninke jarida ya sa a aljihu, ya je ya tsaya a bayan gari, inda ƙasa ke ƙarewa hanya ta faɗa cikin gajimare.

Mutum biyu suka fara isowa, sun ɓalle daga ayari: Tekeste a gaba, wani Mebrahtu yana manne da shi. Tun daga nesa Tekeste ya girgiza kai. Ogbazgi ya bi shi da gudu yana miƙawa, yana kiran sunan uwarsu, har dai ya karɓa. Ganin ƙarshe da ya yi masa ke nan: hannu ɗaya a kan keke, ɗaya riƙe da jarida iska tana kaɗa ta, sai gajimare ya rufe.

Ayarin ya zo ya wuce. Daga can ƙasa aka jiyo ƙarar birki da hayaniya. Ogbazgi ya sauka da gudu, ya sami ƙanensa a kwana ta uku, kansa a jikin dutse, keken a kife, ƙafar baya tana juyawa, tik, tik, tik. Waɗanda suka san keke za su ce ƙafa ba ta juyawa tsawon wannan lokaci. Ogbazgi ya fi su sani, kuma ya yarda da su. Amma ya ji.

Ya buɗe rigar Tekeste. Babu jarida a ciki. To, lissafin bai yi masa wuya ba: yaron bai gama cusa ta ba, hannu ɗaya ya shiga kwanar da shi, iska ta tafi da takardar. Kwana uku bayan jana'iza yana bin gangaren nan cikin ƙayar beles, wani tsiro mai 'ya'yan da ake ci, yana neman ta, ya ce wa mutanen gida agogon marigayi yake nema. Bai same ta ba, bai kuma gaya wa kowa ba, har matar da ya kwana da ita shekara arba'in. Mebrahtu kuwa shi ya ci tseren a Ginda. Ya ce tun a kwanar farko ya wuce Tekeste, bai san abin da ya faru a bayansa ba sai da aka gama miƙa masa kofi.

Kofin yana nan har yau a gidan gahawar Adey Letebirhan, wato Inna Letebirhan, a kan kanta, a cikinsa ake ajiye rimot ɗin talabijin. Mebrahtu ne ya kawo shi, ya ce matarsa ta gaji da gogewa. A ƙarƙashinsa akwai tebur mai ƙafa ɗaya gajeriya, wanda mutum uku suka mallake ba tare da sun saya ba: Mebrahtu, wanda yanzu tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, Memhir Kidane, tsohon malamin lissafi, da Ogbazgi. Kowace damina, in beles ta fara shigowa gari a kan jakuna, babban tseren Faransa ya kama, nan suke zama mako uku cur suna yi wa Turawa gyaran tuƙi. Zangon da ke shimfiɗe, Ogbazgi yakan kalla har ƙarshe. Zangon duwatsu kuwa, da an ce saura kilomita ɗaya a kai ƙololuwa, sai ya tuna ya bar wani aiki a shago.

A bana gardamar ta fi zafi, don akwai ɗan gida a cikin ayarin. Senai, ɗan ƙanwar Adey Letebirhan, wanda Ogbazgi ya haɗa masa kekensa na farko da ƙarafan kekuna uku. Ranar zango na goma sha biyar, tun sha biyun rana kujeru suka ƙare.

"Yau ranarsa ce," in ji Memhir Kidane, yana buga alƙalami a kan tebur. "Tudu huɗu. Nauyinsa kilo hamsin da takwas. An haife shi a sama da inda su suke fara haki. Ku lissafa."

"Memhir, keke ba allo ba ne," Mebrahtu ya ce. "Yaron nan ruwa aka ɗauko shi ya riƙa kai wa madugunsu. Jiya na ƙirga gora bakwai a rigarsa. Na ɗauka mai tallan ruwa ne ya shigo hanya."

"Wanda ya hau tudu da gora bakwai, in ya ajiye su fa?"

"In ya ajiye su a kore shi daga aiki."

Adey Letebirhan ta ajiye finjalai da ƙarfin da ya ɗan wuce kima. "Mebrahtu, ɗan ƙanwata kake kira mai tallan ruwa a cikin shagona?"

"Adey, ni gaskiya nake faɗa. Ƙafa yana da ita. Amma ɗan Beljiyam ɗin nan mai dogon wuya zai bar shi ya gaji, sannan ya wuce shi kamar an dasa shi. Ɗan Kolombiyan kuma yana ɓoye ƙarfinsa ne, mako na uku yake jira. Ni na san irinsu."

"A ina ka san su? A Ginda?" Memhir ya ce. "Kofi ɗaya a shekara hamsin, har kaza ta fi ka yawan ƙwai."

"Kai nawa gare ka?"

"Ni ban taɓa cewa ni zakara ba ne."

Aka yi dariya har teburin baya. Wani direban tasi ya ce ɗan Kolombiyan ya tsufa, wani ya ce tsufa ai shi ne wayo, wani ya rantse da Maryam cewa ya ga ɗan Beljiyam yana ɗingishi da aka nuno shi yana shiga mota. Kowa ya san abin da ke cikin gwiwar mutanen da bai taɓa gani ba. Daga ƙarshe, kamar kullum, aka juyo wurin mai magana ɗaya.

"Aboy Ogbazgi, raba mu. Senai zai ci?"

Ogbazgi ya juya cokali. "Sai an gangara."

"Kun ji ko," in ji direban tasi, cikin gamsuwa, kamar an ba shi amsa.

Wajen ƙarfe huɗu Senai ya ɓalle daga ayari tare da mutum uku. Ɗakin ya miƙe tsaye. Adey Letebirhan ta rufe kanta da mayafi ta fara kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Memhir yana faɗin tazarar da ƙarfi duk da cewa an rubuta ta a jikin talabijin: minti ɗaya, minti biyu da rabi. Mebrahtu ya ce tun farko shi abin da yake nufi ke nan. Da aka nuna saura kilomita ɗaya a kai kan tudu na ƙarshe, Ogbazgi ya ɗauki hularsa.

Sai dai ruwa ya riga shi. Irin ruwan nan ne na yamma da ke sauka kamar an fasa randa, har da ƙanƙara. Duk masu wucewa sun faɗo ƙofar, da kekunansu da buhunansu, sun toshe ta kamar toshiyar kwalba. Titi ya zama kogi. Ogbazgi ya ce a ba shi hanya, wata mata ta ce, "Aboy, hanyar ina? Sai dai in kwalekwale gare ka." Ya tsaya a jikin kanta, ya ba talabijin baya. Bai taɓa lura ba, a duk shekarun nan, cewa akwai madubi a bayan kwalaben.

A cikin madubin ya ga Senai, baki buɗe, riga a jiƙe, yana tsaye a kan feda tsakanin bango biyu na mutane. Can sama gajimare ya sauko ya zauna a kan hanya. Sai ga wani Bafaranshe mai jar fuska ya fito daga cikin taron, yana gudu a gefen yaron, yana miƙa masa jarida.

"Kada ka karɓa," in ji Ogbazgi.

Bai ɗaga murya ba. A cikin wannan hayaniya mutum ɗaya ne ya ji shi, wanda kujerarsa ke gindin kanta.

Senai ya karɓa. Hannu ɗaya a kan keke, ɗaya riƙe da jarida, gajimare ya rufe shi. Ogbazgi ya dafe kanta da tafin nan nasa. Ƙarar ta zo, kamar yadda take zuwa in shago ya yi tsit, kamar yadda ta zo ranar auren 'yarsa ta fari a tsakiyar kiɗa: tik, tik, tik. Mai ɗaukar hoto ya sake samo yaron a ƙasa da gajimare, ya kwanta a kan keke, ƙirjinsa ya yi tudu da takarda. Ogbazgi ya ƙirga. Kwana ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku ta zo ta wuce, ta huɗu ma, sai aka sa tallan man shafawa.

Ɗakin ya koma gardama, ko tazarar za ta kai shi gida. Mebrahtu bai shiga ba. Ya jawo kujerar da aka tashi daga kai, ya tura ta da ƙafa.

"Zauna, tsoho."

Ogbazgi ya zauna, hular tana kan gwiwarsa.

"Me ka ce ɗazu?"

"Ban ce komai ba."

"Kunnena ɗaya ne ya mutu, kuma ba shi ne ta wajenka ba. Me jarida ta yi maka?"

Ogbazgi ya kalli teburin. Da wani ne ya tambaya, da ya ce sai an gangara. Amma wannan mutumin yana wurin.

"Tekeste ya ce ba ya so," in ji Ogbazgi. "Na bi shi da gudu sai da ya karɓa. Da hannu ɗaya ya shiga kwanar nan, Mebrahtu. Na duba rigarsa, babu ita. Bai samu ya sa ta ba. Ni na ba shi."

Mebrahtu ya ɗaga kai ya kalli kofinsa a kan kanta, da rimot a ciki.

"Shi ya sa kake fita?"

"Shi ya sa."

"Shekara hamsin?"

"Da ɗaya."

"Ni na ɗauka ni kake gudu. Na ɗauka ba ka son kallon gangara kana zaune kusa da ni." Ya goge fuskarsa da tafi. "Ba ka same ta a rigarsa ba don tana cikin tawa."

Ogbazgi ya ɗago.

"Ko kwanar farko ba mu kai ba ya miƙo min ita ta baya. Ya ce, ungo, yayana ya mai da ni tsohuwa. Yana dariya. Na cusa ta, don ni ba ni da wanda zai tsaya min a kan tudu. Da ita na isa Ginda. Da na tuɓe riga, rubutun duk ya fito a ƙirjina, a juye."

"Ka ce ka wuce shi a kwanar farko."

"Na faɗa."

"To?"

"To ban wuce shi ba. Wa ya isa ya wuce Tekeste a gangara? Ina bayansa kamar daga nan zuwa ƙofar can. Hannunsa biyu a kan keke, na rantse da Maryam, yatsunsa a kan birki. Jaki ne. Jakin masu beles, da kwanduna biyu, ya fito daga cikin gajimare ya tsaya a tsakiyar kwanar. Shi ya bi ta dama, dama ce ta rufe. Ni na bi ta hagu. Na ji ƙarar. Na ce a raina ayari na tafe, akwai mota a bayansu, su za su tsaya. Ban waiwaya ba. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba a rayuwata, Ogbazgi, sai ga hanya babu kowa a gabana."

A bayansu wani ya ce tazara ta koma minti ɗaya, aka yi tsaki baki ɗaya.

"Mai jakin fa?" in ji Ogbazgi.

"Wa ya sani. Ya ga abin da ya faru, ya ji an ce akwai hukuma a baya. Kai da kai ne za ka tsaya?"

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

"Ba ka taɓa tambayata ba. Kuma in na ce jaki ne, sai a ce yaya aka yi ka gani."

Ogbazgi ya nemi fushi a cikinsa, yadda mutum ke lalube aljihu yana neman makulli. Ya san ya kamata a ce akwai. Abin da ya samu wani irin rami ne, daidai girman abin da ya daɗe yana ɗauke da shi. Ya tuna kwana ukun nan cikin ƙaya, da gyaɗar da ake juye masa a hannu, da matarsa da ta rasu tana zaton mijinta mutum ne mai zurfin ra'ayi a kan gwamnati. Ya tuna uwarsu, wadda har ta koma ga Allah bai ƙara kallon idonta sosai ba. Sannan ya kasa kunne. Ƙarar tana nan, tik, tik, sai dai ta yi nisa, kamar a shagon wani take.

Saura kilomita shida ayari ya cim ma Senai ya haɗiye shi. Ɗan Beljiyam mai dogon wuya ya ci zangon. Senai ya zo na talatin da takwas. Memhir Kidane ya ce lissafinsa daidai ne, iska ce ba ta bi ƙa'ida ba. Adey Letebirhan ta ce wanda duk ya ƙara ambatar tallan ruwa ya nemi wani gidan gahawar. Direban tasi ya leƙo ta kan kafaɗun mutane.

"Aboy Ogbazgi, ashe yau kana nan. Ai ka faɗa, sai an gangara. Gobe fa?"

Ruwa ya tsagaita, ƙofa ta fara buɗewa, masu kekuna suna janye kayansu. Tsofaffin biyu suka zauna a teburinsu mai gajeriyar ƙafa, gahawa ta huce a gabansu, ba mai kallon wani. Mebrahtu yana jiran a zage shi ko a tashi a bar shi, ya shirya wa kowanne. Can Ogbazgi ya juya cokali a finjalin da ba komai a ciki.

"Jakin," ya ce. "Ya mutu?"

"Da na shiga kwana ta huɗu hanya ta juyo da ni, na hango shi a sama," in ji Mebrahtu. "Yana tsaye yana cin beles ɗin da ta zube. Ko ɗingishi bai yi ba."